Gafiyar da Ta Ci Lambar Zinariya

Manomi a Shanga ko Ngaski idan ya ga ramin gafiya kusa da rumbunsa, hayaƙi da sanda yake nema, don ya san ɓarauniyar gyaɗa ce. To, a watan Satumba na 2020, ƙungiyar kula da lafiyar dabbobi ta PDSA a Ingila ta rataya wa wani ɗan'uwan gafiyar nan lambar zinariya saboda ceton rayuka. Sunansa Magawa.

An haife shi a Tanzaniya, ya yi horo na kusan shekara guda a Morogoro, a hannun ƙungiyar APOPO da wani ɗan Beljiyam, Bart Weetjens, ya kafa a 1997. Aikin da aka koya masa shi ne shinshino nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi.

Horon hawa biyu ne. Da farko mai horo zai danna wani ɗan ƙarfe ya yi ƙas, nan take ya miƙa masa ayaba. A yi ta maimaitawa, har ƙarar da da ba ta da ma'ana ta zame masa albishirin abinci. Irin abin da Ivan Pavlov ya gano ke nan a Rasha, inda karnukansa suka riƙa dalalar da miyau da jin alamar da suka saba ji kafin ci.

A hawa na biyu ba a danna ƙarfen a banza. Sai Magawa ya tsaya kan ƙanshin sinadarin TNT da ke cikin nakiya ya karci ƙasa, sannan ya ji ƙas, ayaba ta biyo baya. In ya karta inda babu komai, shiru. A nan aikinsa ne ke jawo lada, hanyar da B.F. Skinner na Amurka ya yi fice wajen nazarinta.

A 2016 aka kai shi Siem Reap a Kambodiya. Nauyinsa kilo 1.2 ne kacal, don haka ko ya taka nakiya ba ta tashi. Ana sa masa ɗamara, a ɗaura ta a igiyar da mutum biyu suka ja, ya yi ta kai da komo. Na'urar gano ƙarfe kan yi kuka a kan kowace tsohuwar ƙusa, shi kuwa babu ruwansa da ƙarfe, ƙanshi ɗaya aka koya masa. Filin da mutum zai iya kwana huɗu yana bincike, ba ya cin Magawa fiye da rabin sa'a.

Kafin a hutar da shi a watan Yuni na 2021, ya gano nakiyoyi 71 da wasu bama-bamai 38 da ba su fashe ba. Ya mutu a Janairun 2022 yana da shekara 8. A 2025 wani ƙaninsa a sana'a mai suna Ronin ya zarce shi, inda ya gano nakiyoyi 109, shi ma dai a kan ladan ayaba.