Takardar Tuni da Matsayinta Wajen Koyon Umarnin Na'ura

Hanyoyin ba kwamfuta umarni iri biyu ne. Ta farko ita ce mutum ya taɓa hoto a kan allo. Ta biyu kuwa, wadda ta girme ta, ita ce ya rubuta kalmar umarni, na'ura ta aiwatar. Wannan hanya ta bunƙasa da tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Amurka a shekarar 1969, kuma tsarin Linux na 1991 ya gaje ta. Kalmomin gajeru ne ƙwarai: ls tana jero sunayen takardun da ke cikin ma'ajiya, cp tana kwafe takarda, rm kuwa tana share ta. Da yake umarnin suna da yawa, sai ɗalibai da ma'aikata suka ɗauki al'adar tattara muhimmansu a shafi guda, wato takardar tuni.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a karkarar arewacin Kano, inda gonaki suke manne da juna, kamar ƙasashen Bichi da Ɗambatta da Kunci. Tun bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, manomi ya saba da rubuta umarni, ko da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Duk lokacin da ya danna alamar tauraro da wasu lambobi don duba kuɗin waya ko aika kuɗin taki, aikin da ɗalibin kwamfuta yake yi shi ma yake yi. Sau da yawa ma yakan rubuta lambobin a 'yar takarda ya adana.

To, amma takardar tuni tana da iyaka ta fuska uku. Na farko, takan tsufa. Alal misali, a 2023 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta daidaita lambobin kamfanonin waya, *310# ta zama ta duba kuɗi, *311# ta sa kati. Wanda ya riƙe tsohuwar *556# ta MTN, takardarsa ta zama tarihi. Na biyu, ba ta faɗin haɗari. Umarnin rm, a yadda aka gina shi, ba ya yawan tambayar mutum ko ya tabbata, kuma abin da ya share da wuya ya dawo. Haka nan lamba ɗaya in ta kuskure, kuɗin gyaɗar shekara yana iya faɗawa asusun wani. Na uku, tana koyar da hadda ba tare da fahimta ba.

Saboda haka ya kamata malamai da ma'aikatan gona masu tsara irin wannan takarda su kiyaye ƙa'idoji huɗu: a jera umarni bisa bukata, ba bisa haruffa ba, a bayyana kowane da Hausa tare da misali, a yi wa masu haɗari alama, a kuma rubuta shekarar da aka tsara ta. Ɗalibin kwamfuta kuwa ya fara da umarnin man, wanda yake buɗe cikakken bayanin sauran umarni. Takardar tuni amfaninta tunatar da wanda ya riga ya fahimta, ba ta maye gurbin malami.