Tocila Mai Caji: A Duba Batir Kafin A Biya Kuɗi

A Basirka da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tocila ba kayan ado ba ce. Manomin da ya yi dare a gona yana bukatarta. Haka ma makiyayi mai leƙa garke, da mai zuwa masallaci da asuba, da ungozomar da aka tasa tsakar dare. Da damina ciyawa ta kan rufe hanya, macizai su fito. Kububuwa ƙarama ce, launinta kamar na ƙasa, amma dafinta yana hana jini daskarewa, yana kuma kisa. Saboda yawan ɓarnarta har asibiti na musamman aka yi a Kaltungo ta Jihar Gombe don masu saran maciji. Ke nan tocilar da za ta mutu wa mutum a tsakiyar hanya ba ƙaramar matsala ba ce.

A da, tocila mai batir biyu ko uku aka sani. Ƙwanta mai ɗan siririn zare ne a ciki, ga shan batir. Yanzu masu caji sun cika kasuwa, daga Sara har Birnin Kudu. Abin da ya kawo wannan canji wani sabon ƙwai ne da a ke kira LED. A ƙasar Japan aka gano hanyar yinsa mai haske sosai a 1993, kuma masana uku da suka yi aikin sun sami babbar kyautar Nobel a 2014. Wannan ƙwai ba ya cin wuta da yawa, kuma ya kan daɗe bai ƙone ba. Don haka a tocilar zamani ba ƙwai ne ke fara mutuwa ba. Batir ne.

Batirin tocila mai caji iri biyu ne. Na farko mai dalma ne, ɗan'uwan batirin babur. Kamar ɗan ƙaramin akwati ya ke, an rufe shi a cikin jikin tocila, ba a ganinsa sai an kwance. Yawancin tocilolin roba masu araha, masu ƙafa biyu da a ke cusawa a soket, shi ne a cikinsu. Aibinsa shi ne ba ya jure zama babu caji. In ya ƙare aka bar shi makonni, sai ya daina riƙe wuta. To, a ƙauyen da babu lantarki, ko inda a kan daɗe ba a kawo ba, dole hakan ta faru. Shi ya sa a gidaje da yawa a kan ga tocila biyu ko uku a yashe, jikinsu garau, amma ba sa kamawa.

Na biyu shi ne batirin litiyam, dangin na wayar hannu. Wanda ya fi yawa a tocila dogo ne mai kama da gaɓar rake, an rubuta 18650 a jikinsa. Wannan lamba girmansa ta ke nunawa, watau kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Ya fi mai dalma rashin nauyi, ya fi shi riƙe wuta, kuma mai kyau ya kan ɗauki caji sau 300 zuwa 500 kafin ya yi rauni. Babban amfaninsa shi ne a tocilar kirki a kan murɗe gindinta a zaro shi. In ya mutu, batir kawai za a saya. Mai batir biyu kuwa sai ya bar ɗaya a shagon caji, ya yi aiki da ɗaya.

Saboda haka tambayar farko da mai saye zai yi wa ɗan kasuwa ita ce, "Malam, batirinta yana fita?" In an ce yana fita, a buɗe a gani da ido.

Sai dai shi ma wannan batir akwai jabunsa, kuma jabun ya yi yawa. A jikinsa a kan rubuta wata lamba tare da haruffa uku, mAh. Ita ce ke nuna yawan wutar da ya ke ɗauka, kamar yadda a ke auna hatsi da tiya. Na gaskiya ya kan kama daga 2,000 zuwa wajen 3,500. Wanda aka rubuta wa 8,800 ko 9,900 ƙarya ce tsagwaronta, don babu kamfanin da ya iya cusa wannan wuta a batir mai wannan girma. Abin mamaki, irin waɗannan ne su ka fi saurin ƙarewa. Nauyi ma shaida ne. Na gaskiya ya kan kai giram 45. In aka ɗora biyu a tafin hannu aka ji ɗaya sakayau, a ajiye shi.

Bayan batir sai ramin caji. Gara a zaɓi tocilar da ke caji da igiya irin ta wayar hannu. Ita ce za a iya kaiwa wurin mai cajin waya, ko a jona ta da ƙaramin sola a gida.

Wajen girma, wadda za ta shiga aljihun riga ita ce za a riƙa fita da ita kullum. Ƙatuwar tocila a ɗaki a kan manta ta. Jikin ƙarfe ya fi na roba jure faɗuwa. In aka murɗe gindin, a duba ko akwai ɗan zoben roba a wurin zaren, shi ke hana ruwan sama shiga. A danna makunnin sau da yawa, a girgiza tocilar tana kunne. In hasken yana ƙyaftawa, akwai abin da bai zauna ba a ciki. Kada kuma a ruɗu da hasken da ke kashe ido a shago. Tocila mai mataki biyu ko uku ta fi. Ƙaramin haske ya isa tafiya a hanya da karatu, kuma da shi caji ɗaya zai kai kwanaki. Babban haske na leƙa gona ne ko garke.

Tsofaffin tocilolin da ke yashe a gida fa? Da yawa suna gyaruwa. Mai gyaran rediyo ko waya zai iya cire mataccen batirin dalma ya sa 18650 a madadinsa. Wasu masu gyara daga tsohon batirin kwamfutar hannu su ke ciro su, don akwai irin da ke ɗauke da guda shida a ciki, kuma sau da yawa ba duka ne su ka mutu ba. Amma a nan akwai haɗari babba. Na'urar cajin da ke cikin tsohuwar tocila ba ta san ta tsaya ba in batir ya cika. Batirin litiyam kuwa bai kamata cajinsa ya wuce bolt 4.2 ba. In ya wuce sai ya yi zafi, ya kumbura, har ya kama da wuta. Dole mai gyara ya cire tsohuwar na'urar da ƙafafunta biyu, ya sa ɗan ƙaramin allon caji mai yanke wuta da kansa. An san shi da lamba TP4056, kuma ba shi da tsada. Wanda ya ce zai haɗa batirin kai tsaye ba tare da wannan allo ba, kada a ba shi aikin, musamman ga mai ɗakin ciyawa.

Batirin da aka zaro kada a jefa shi aljihu tare da mabuɗi ko wani ƙarfe, don in ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa zai iya ƙona mutum. A naɗe shi a leda ko takarda. Kada a bar shi a rana, kada a yi caji a kan katifa ko a ƙarƙashin matashi. Wanda rigarsa ta yage, ko ya lotsa, ko ya ke zafi in ana caji, ya gama aiki. Ba a jefa shi a murhu ko a juji inda a ke ƙona shara, ba a kuma bar wa yara su yi wasa da shi. A mayar wa mai gyara.