Icce da Gawayi a Shagon Gyaran Farce

Duk wanda ya taɓa giftawa ta ƙofar shagon da ake dasa farcen akirilik, a Kano ne ko Kaduna ko Abuja, hancinsa kan riga idonsa sanin abin da ake yi a ciki. Wari ne mai kaifi, yana fitowa daga wata 'yar kwalba mai ruwa launin shunayya. Saboda wannan warin ne kamfanoni suka fito da wani ruwan da suka ce ba ya tashi, ko kuma tashinsa kaɗan ne. To 'yar'uwa mai sana'ar farce, wanne za ki saya? Ni dai a ganina, wadda ta taɓa girki da icce ta kuma yi da gawayi ta riga ta san rabin amsar.

Asalin farcen akirilik daga ɗakin likitan haƙori ya fito. A shekarun 1950 wani likitan haƙori a birnin Filadelfiya ta Amurka, Fred Slack, ya fasa farcensa yana aiki, sai ya ɗebi kayan da yake gyaran haƙora da su ya liƙe wurin. Har yau dabarar ba ta canza ba: ga hoda, ga ruwa. A cikin hodar akwai sinadarin da ke tayar da aikin, a cikin ruwan akwai wanda ke zuga shi. Da kin tsoma burushi a ruwa kin dangwali hoda, to kin ƙyasta ashana ke nan. Ɗan curin nan zai fara kamawa, har ɗan ɗumi kwastoma kan ji a farcenta, domin da gaske zafi yake fitarwa yayin da yake daskarewa.

Ruwan da aka saba da shi, wanda ake rubuta EMA a jikin kwalbarsa, shi ne iccen. Busasshen icce ba ya jan rai: kin hura, ya kama, tukunya ta ɗau zafi. Haka wannan ruwan yake, cikin 'yan mintoci farce ya yi tauri, ki ƙwanƙwasa da gindin burushi ki ji ƙas-ƙas, ki ɗauki abin gogewa. Amma icce da hayaƙinsa yake tafe. Ƙwayoyin wannan ruwan ba su da nauyi, da an buɗe kwalba sun tashi sama, su ne kike shaƙa. Wuni guda a rufaffen shago, sai ciwon kai, ido yana ruwa, maƙogwaro yana ƙaiƙayi, maƙwabcin shago kuma yana ƙorafi.

Marar warin shi ne gawayi. An haɗa shi da sinadarai masu nauyi waɗanda ba sa saurin tashi cikin iska, shi ya sa hanci ba ya kama su. Mai shago a cikin filaza, ko mai bin amare har gida, tana da dalilin son sa, kamar yadda matar da ke gidan haya take gudun icce don kada ta turnuƙe tsakar gida. Sai dai kowa ya san gawayi sai da haƙuri. Ba ya kamawa nan take, sai an yi ta fifita. Ruwan nan ma yana ɗaukar lokaci kafin ya daskare. Ga mai koyo wannan alheri ne, tana da sararin daidaita curin, ta lallaɓa shi har ya yi siffar da take so. Ga gwanar da layi ke jiranta ana gobe biki, jinkiri ne da za ta ji a aljihunta.

Hannun ma sai ya sake koyo. Yadda ake jera icce a murhu daban, yadda ake zuba gawayi a kurfoti daban. A ruwan da aka saba, curi yana son ɗan danshi, ruwa ya ɗan ɗara hoda, domin wani abu daga ciki zai bi iska. A marar wari kuwa abin da ke bin iska kaɗan ne, kusan duk abin da burushi ya ɗebo yana nan zaune. Don haka ana son curin ya fi bushewa, kusan ruwa da hoda kai ɗaya. Wadda ta kawo tsohon hannunta nan za ta ga abin yana malala, yana gangarawa gefen farce har kan fata, kuma nan ne matsala take farawa.

Sannan ga toka. Garwashin gawayi kullum da farar toka a kansa, wutar tana ƙasa. Farcen da aka yi da marar wari, ko ya daskare ciki, samansa yakan zauna da danƙo, saboda iskar da ke taɓa shi tana hana wannan fatar ta sama kamawa. Sai an bi da abin gogewa an murje ta, tana fita kamar dusa mai laima. Wannan danƙon ɗanyen sinadari ne da bai gama aiki ba, bai kamata ya taɓa fatarki ko ta kwastoma ba.

A nan nake so mu tsaya sosai. Hayaƙin icce yana da kirki ɗaya: yana korarki waje. Ido ya yi yaji, dole ki buɗe taga. Gawayi ba ya gargaɗi, shi ya sa duk hunturu ake jan kunnen mutane kada su kwana da kurfoti a rufaffen ɗaki. Ruwa marar wari ma yana iya sa mutum ya saki jiki. Tunda hanci bai ji komai ba, sai a rufe ƙofa, a kunna na'urar sanyaya ɗaki, a ajiye safar hannu. Alhali ƙurar gogewa tana nan, asiton na cire farce yana tashi, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan ruwan suna ɗauke da sinadarin HEMA, wanda ya yi suna wajen sa fata ta yi bore. Yau ya taɓa, gobe ya taɓa, wata rana sai yatsu su kumbura, su yi ƙuraje, su tsattsage. Idan jiki ya ƙi shi, yawanci ya ƙi ke nan har abada, kuma abin yana iya bin mutum har asibiti, tunda dangin sinadarin ne ake cike haƙori da su, ake kuma liƙa ƙugun roba. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi kashedi a kan wannan a 2018, Tarayyar Turai kuma a 2020 ta kafa dokar cewa kayan farce masu HEMA na ƙwararru ne kawai.

Akwai kuma na uku da ke yawo a kasuwa, mai araha, ana ce masa MMA. Wannan kamar a jefa tsohuwar taya ce cikin murhu: wuta za ta ci, amma kowa zai ji a jikinsa. Tun a shekarun 1970 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tashi a kansa bayan koke-koken lalacewar farce da ciwon fata. Warinsa ya fi kaifi, farcensa ya yi tauri fiye da kima, gogewa da wuya, jiƙawa a asiton ba ta narkar da shi da sauri. Idan ya maƙale a ƙofar mota, maimakon ya karye sai ya ɗago da farcen Allah. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ki bar wa mai ita.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. A zafin bazara ruwan EMA yana saurin tashi yana saurin kamawa, a sanyin hunturu kuma duka biyun suna nawa, marar warin ya fi. Ki riƙa zuba ɗan abin da zai ishi kwastoma ɗaya a ƙaramin kofi mai murfi. Audugar da kika goge burushi da ita ta tafi kwandon shara na ƙarfe mai murfi, domin wari mai yawa daga nan yake tasowa. Ki sa safar hannu ta naitiril, ki canza ta akai-akai. Takunkumin yadi ƙura kawai yake ragewa, ba ya tare tururi, sai fanka mai zuƙe iska daga kan tebur ta fitar da ita waje. Kada kuma ki haɗa hodar wannan kamfani da ruwan wancan, kowanne da abokin da aka auna shi da shi.

Idan shagonki yana shan iska kuma hannunki yana da sauri, EMA na kirki zai yi miki aiki. Idan wurin matsattse ne, ko kwastomominki ba sa jure wari, ki ɗauki marar warin, ki busar da curi, ki kiyaye fata. Ko wanne kika zaɓa, wuta ce kike riƙe da ita, kuma yatsun nan goma su ne jarinki. Ki kula da su kafin ki kula da na kowa.