Uku Sun Fita, Ɗaya Ta Rage

Cikin dare 'yan mata uku suka sulale daga ɗakin kwanansu. Ta huɗun, Emma Davis, mai shekara 13, ta farka ta ga ta ƙarshensu, Vivian, tana jan ƙofa, ta ɗora yatsa a leɓe alamar ta yi shiru. Ta kuwa yi shirun. Tun daga wannan dare ba a sake ganin Vivian da Natalie da Allison ba.

Da wannan Riley Sager ya kafa littafinsa The Last Time I Lied, wanda ya fito a 2018. Sunan alƙalami ne. Ainihin sunan marubucin Todd Ritter, tsohon ɗan jarida a Amurka. Labarin ya faru ne a Camp Nightingale, wani sansanin hutu na 'ya'yan masu hannu da shuni a dazukan Adirondack da ke jihar New York. A can, idan aka yi dogon hutun bazara, iyaye kan tura yara irin wannan wuri su yi makonni suna iyo da tuƙa kwalekwale. Ku ɗauke shi kamar makarantar kwana da babu jarrabawa.

Bayan shekara 15, Emma ta zama mai zane. Kowane zane nata da 'yan matan uku take fara shi, sanye da fararen riguna, sannan ta bi su da rassa da ganye har su ɓace. Masu saye daji kawai suke gani. Sai mai sansanin, Francesca Harris-White, ta sake buɗe wurin, ta gayyace ta koyar da zane. Emma ta amsa, kuma a ɗakin nan dai, Dogwood, ta sauka tare da wasu sababbin 'yan mata uku.

Abin da ya riƙe mu a littafin ba tafkin ba ne, duk da jita-jitar abin da ke kwance a ƙarƙashinsa. Emma ce. A sansanin Vivian ta koya mata wani wasa: ka faɗi magana uku game da kanka, biyu gaskiya, ɗaya ƙarya, a gano ƙaryar. Vivian babbar yaya ce irin wadda duk mun sani a ɗakin kwanan makaranta, yau ta jawo ki jiki, gobe ta yarfa ki a gaban kowa, ke kuma kina ta neman yardarta. Da aka zo bincike, Emma ta nuna Theo, ɗan mai sansanin, alhali ba ta ga ya yi komai ba. Bakin yarinya ƙarama ya jefa saurayi cikin zargin da ya bi shi shekaru. Kuma ita ce ke ba mu labarin, ga shi ta taɓa fama da taɓin hankali har tana ganin Vivian a inda babu ita. To, wace maganarta za mu kama?

Tsakiyar littafin yana ɗan jan ƙafa, kuma wasu abubuwan sun cika zuwa daidai da bukatar marubuci. Sannan don manya aka rubuta shi, da Turanci, akwai wuraren da ba su dace da 'yan ƙaramar sakandare ba. 'Yan aji biyar da shida muke nufi, su ma su nuna wa malamin Turanci tukuna. Ƙarshen kuwa ba za mu faɗa ba. Kada dai ku rufe littafin don kun ga kamar an gano mai laifi, akwai sauran shafuka.