Mai Tsaron Rumbun Ƙwayoyin Cuta

A ƙarshen 2016 sanƙarau ya ɓulla a ƙaramar hukumar Zurmi, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina. Kafin damina ta sauka an lissafa mutum sama da 14,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, fiye da 1,100 sun rasu. Mutane sun yi mamaki, domin an yi musu allurar MenAfriVac. Ashe allurar ta nau'in A ce, wannan kuwa nau'in C ne.

Likita ya ɗebi ruwan ƙashin baya, ma'aikacin ɗakin gwaji ya raini ƙwayar, na'ura ta karanta gadonta: haruffa kusan miliyan 2 da dubu 200, duk daga A, C, G da T. Daga nan aikin ya koma hannun wani da majinyaci bai taɓa gani ba, mai kula da manyan kwamfutocin da ake tara waɗannan haruffa.

Na'urar ba ta ba shi littafi a ɗinke. Guntaye take zubowa, miliyoyi, kamar an yayyaga takarda an watsa. Shi zai tanadi kwamfutar da za ta iya harhaɗa su, yawanci a kan Linux, ya raba wa masu bincike layi kada wani ya mamaye injin, ya ajiye kwafi a wani gini dabam. A ƙasar nan rabin sana'ar ma gadin wuta ce: janareta, batura, sola, da na'urar sanyaya ɗaki, don zafin bazara ba ya raga wa inji.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne fitinarsa a kan laƙabi. Wane gari? Wace rana? Samfurin da ya rasa waɗannan ya zama buhun iri marar suna. Sunan majinyaci kuwa cire shi yake yi, amana ce.

Da irin wannan ajiya, a rumbun PubMLST na Jami'ar Oxford, ake kwatanta ƙwayoyin sanƙarau na duniya. Wadda ta addabi yankin nan lambarta ST-10217, an fara ganinta a arewa maso yammacin Najeriya a 2013, ta yi ɓarna a Yamai a 2015. A 2024 Najeriya ta riga kowace ƙasa fara allurar Men5CV, mai kare nau'i biyar, har da C.