Hawaye a Gaban Bagade Ba Ya Biyan Bashi

Akwai wata ɗabi'a da ta yi jijiya a majami'u da dama, har ta fara zama kamar doka. Mutum ya cinye kuɗin adashin Zumuntar Mata, ko ya ƙwace gonar gwauruwar ɗan'uwansa. Magana ta fasu. Ranar Lahadi sai ya fito gaba, ya durƙusa, ya sha kuka, a ɗora masa hannu a yi addu'a, jama'a su ce amin. Daga nan kuma wadda aka cuta ce ke zama mai laifi: in ta sake tayar da zancen haƙƙinta, sai a ce zuciyarta ta taurare, ba ta da halin gafara. Shi kuwa gonar tana hannunsa, damina ta zo ya shuka masara.

Ma'anar tuba ba ta buƙatar dogon bayani, ko 'yan makarantar Lahadi sun san juyowa ce daga mugunta. Abin da ake tsallakewa a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki shi ne mayar da haƙƙi.

A duba labarin Zakka a Luka sura 19. Shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, attajirin da ya yi ƙiba da gumin talakawa. Da Yesu ya sauka a gidansa, marubucin bai ambaci ko ɗigon hawaye ba. Abin da ya rubuta lissafi ne: rabin dukiya ga matalauta, duk wanda aka zalunta kuma a mayar masa ninki huɗu. Bayan wannan alkawari ne Yesu ya shaida cewa ceto ya shigo gidan. Kuma Zakka bai ƙirƙiro adadin daga kansa ba. Littafin Fitowa sura 22 ya ɗora wa wanda ya saci tunkiya ya yanka ko ya sayar biyan tumaki huɗu, wanda ya saci bijimi kuwa shanu biyar. Littafin Firistoci sura 6 ya umarci wanda ya ci amana ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo hadayarsa. Yesu ma, a Matiyu sura 5, ya koyar cewa mai kawo baiko ya ajiye shi tukuna ya je ya shirya da ɗan'uwan da ke da ƙara a kansa. Yahaya Maibaftisma bai ce wa sojoji su ƙara azumi ba, cewa ya yi su daina ƙwace, albashinsu ya ishe su.

Amsa laifi da baki kuwa, ai har Fir'auna ya yi. Ya yi lokacin ƙanƙara, ya sake yi lokacin fara, da bala'in ya lafa ya koma gidan jiya. Sarki Saul ya amsa zunubinsa a gaban Sama'ila, amma a numfashi guda ya roƙi a girmama shi a idon dattawa. Mutuncinsa yake ƙoƙarin cetowa, kuma irinsa ne yawancin masu durƙuson da sai an kama su suke tunawa da Allah.

Masu matsa wa wanda aka cuta suna son ambaton bakwai sau saba'in da ke Matiyu 18. Abin haushi, ba sa ɗaga ido su karanta 'yan ayoyin da ke sama kaɗan a surar. Can an shimfiɗa matakai: a sami mai laifi a keɓe, in ya ƙi a tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikkilisiya. Gafara wajibi ce a kan mai bi, ba musu, ta hana shi ramuwa da riƙo. Amma ba ta hana shi neman haƙƙinsa ba, ba ta kuma share sakamako. An gafarta wa Dawuda bayan Natan ya fallasa shi a kan Uriya da Batsheba, duk da haka yaron ya mutu, takobi bai bar gidansa ba, har ɗansa Absalom ya kore shi daga Urushalima.

Tarihin ikkilisiya a Afirka ma ya shaida wannan. Farkawar da ta tashi a Gahini ta ƙasar Ruwanda a shekarun 1930, ta bazu Yuganda da Kenya da Tanganyika, an san mutanenta da furta zunubi a fili da kuma mayar da kayan da suka sata ga masu su, ko da an shekara da mantawa.

Ga masu ƙin mayar da haƙƙi kuwa, gargaɗin gajere ne. Mutanen Nineba sun ji wa'adin kwana arba'in daga bakin Yunusa suka juyo. Sarki Yehoyakim kuwa aka karanta masa littafin Irmiya, ya riƙa yanka shi da wuƙa yana jefawa a kaskon wuta. Aka sake rubuta littafin, hukuncin kuma ya zo ta hannun Babila.

To, me ya kamata a yi? Fasto da dattawa, kafin su karɓi mai tuba a gaban taro, su tambaye shi nawa ne, na wane ne, yaushe zai biya. A rubuta, shaidu su sa hannu. In ba shi da halin biya gaba ɗaya, a yanka masa kaɗan-kaɗan bayan kowane girbi ko ƙarshen wata, kuma mai haƙƙin ne kaɗai ke da ikon yafe wani sashe, ba kwamiti ba. Wanda ya ɓata sunan wani a bainar jama'a, ya wanke shi a bainar jama'a. Ma'ajin da ya ci kuɗi a karɓe shi cikin zumunci, amma kada a sake miƙa masa makullin akwati a makon. Abin da ya shafi fyaɗe ko cin zarafin yara kuwa na hukuma ne, addu'ar ofishin fasto ba ta rufe shi. A daina tura tsofaffin mata gidan gwauruwa su yi ta ba ta haƙuri alhali ba wanda ya taka ƙofar mai riƙe da gonar.

Masu fakewa da cewa mai kayan ya rasu ma ba su tsira ba. Littafin Ƙidaya sura 5 ya tanadi cewa a biya danginsa na kusa, in kuwa babu dangi ko ɗaya, a kai wa firist, tare da ƙarin kashi ɗaya cikin biyar ɗin nan.