Haramcin roba a Legas: Yadda mai abinci, mai shayi da uwargida za su rage shara ba tare da asara ba

Duk mazaunin Legas ya san abin da ke biyo bayan ruwan sama mai ƙarfi a watan Yuni ko Yuli. Lambatu zai cika ya tumbatsa, ruwan kwata ya shigo har tsakar gida, idan ya janye kuma a tarar da fararen robobin abinci da ledoji da gorunan lemo sun toshe bakin kwalbati. Mafi yawan wannan shara daga hannunmu ta fito. Ita ce ledar da aka ƙulla mana koko da safe, da robar da aka zuba mana shinkafa da rana, da wadda aka sako mana kayan miya da yamma.

Toshewar magudanan ruwa ce babban dalilin da Gwamnatin Jihar Legas ta bayar a watan Janairun 2024, lokacin da Kwamishinan Muhalli da Albarkatun Ruwa, Tokunbo Wahab, ya sanar da haramta farar robar nan marar nauyi da ake zuba abincin tafi-da-gidanka, wadda ake kira sitairofom. Daga ranar 1 ga Yulin 2025 kuma aka faɗaɗa haramcin ya haɗa da sauran kayan roba da ake amfani da su sau ɗaya a jefar.

Dokar ta taɓa dubban ’yan Arewa da ke neman halalinsu a Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago: masu shayi, masu tsire, ’yan tireda, ’yan gwari da matan da ke sayar da abinci a ƙofar gida. Abin da ke damunsu ɗaya ne, wato yadda za su bi doka ba tare da jari ya karye ko masu saye sun gudu ba.

Abin da aka hana da wanda aka bari

Haramcin ya shafi robar sitairofom, da cokula da kofunan roba na yarwa, da tsinken zuƙar lemo, da siririyar ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba, irin wadda ke yagewa da zarar an sa mata kaya masu ɗan nauyi. Bai shafi ruwan leda ba, haka ma gorunan ruwa da na lemo, da leda mai kauri da za a iya sake amfani da ita.

Legas ba ita ta fara ba. Ruwanda ta hana leda tun a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, sannan a watan Yunin 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da hana irin waɗannan robobi a ma’aikatu da hukumominta. Ƙungiyar masu masana’antu ta Najeriya ta koka cewa matakin Legas zai jawo rasa ayyukan yi, kuma ƙananan ’yan kasuwa na kukan tsadar abin da zai maye gurbi. Kukan nasu na da tushe. Amma jihar da hukumominta ke ƙiyasta tana fitar da shara kimanin tan 13,000 a kullum, kuma take kwance dab da teku, ba za ta iya ci gaba a yadda take ba.

Ina ruwan lafiyar iyali?

Hanya ta farko da leda ke cutar da iyali ita ce ta ruwa. Idan magudana ta toshe, ambaliya na kwaso ƙazantar masai ta zuba a rijiyoyi da fasassun bututun famfo. Ta nan kwalara da taifot ke shiga gida. Mazauna Legas ba su manta da ɓarkewar kwalara ta watan Yunin 2024 ba, wadda ta fi tsanani a yankin tsibirin Legas, ta kuma yi sanadin asarar rayuka.

Bayan ruwa ya janye, kududdufan da ya bari da wanda ya taru a robobi da gwangwanaye da tsofaffin tayoyi sun zama wurin hayayyafar sauro. Daga ƙwai zuwa sauron da ke cizo mako ɗaya ne zuwa biyu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma yara ’yan ƙasa da shekara biyar su suka fi mutuwa.

Hanya ta biyu ita ce ta hayaƙi. Gidaje da yawa na ƙona shara a bayan katanga, wasu kuma da leda suke hura gawayi saboda saurin kamawa. Hayaƙin roba na tayar da asma, yana sa tari da ciwon ido, wasu nau’o’in robar ma na fitar da gubar dayoksin idan sun ƙone. Yaron da ke goye a bayan uwa lokacin hura wuta shi ya fi shaƙa, ga huhunsa bai yi ƙwari ba.

Ta uku ita ce ta abincin kansa. Ana yin sitairofom da sinadarin sitairin, wanda cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a 2018 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne ma’aikatan masana’antu, kuma abin da ke shiga abinci kaɗan ne. Sai dai zafi da maiƙo na ƙara yawansa, ga shi abincinmu na titi da zafi da mai ake cin sa kusan kullum.

Ko dabbobi ba su tsira ba. Mahauta sun saba ciro dunƙulen leda daga tumbin sa ko rago, kuma duk mai kiwo ya san dabbar da ta ci leda takan rame ko da tana samun abinci.

Lissafin mai abinci

A ce uwargida na sayar da shinkafa da miya ga mutum 100 a rana, kwana shida a mako, kowa a robar yarwa. A mako ta kashe roba 600, a shekara 31,200. Duk kuɗin nan daga ribarta yake fita, kuma robobin a lambatun unguwarta suke ƙarewa. Farantan silba 30 da cokula kuwa sau ɗaya za ta saya su yi mata shekaru, ga duk wanda zai ci a wurin.

Amma faranti na da nasa sharaɗi. A unguwanni da yawa na Legas sayen ruwa ake yi a wurin ’yan ga-ruwa, kuma farantin da aka dauraye a ruwa ɗaya tun safe har dare ya fi robar yarwa haɗari. Ana buƙatar baho uku: na sabulu, na ɗauraya, da na ruwan zafi, a riƙa sauya ruwan, a kuma kife kwanukan su bushe maimakon goge su da tsumma ɗaya.

Ga masu tafiya da abinci, akwai dabarun da ba baƙi ba ne a wurinmu. Kafin zuwan leda, da kwano ko langa ake aiken yaro sayen tuwo. Mai abinci za ta iya farfaɗo da wannan ta hanyar yin ɗan ƙari ko ragi ga duk wanda ya zo da kularsa, tunda ya rage mata kuɗin roba. Ga ’yan kasuwa da masu gadi da ke saye kullum, za a iya ba su kwano mai murfi su ajiye kuɗinsa, kamar yadda ake ajiye kuɗin kwalbar lemo, idan sun dawo da shi a mayar musu.

Wadda ba ta da mafita sai roba, ta nemi mai kauri da murfi, wadda ke da lamba 5 a cikin alamar kusurwa uku a ƙasanta, domin ta fi jure zafi kuma mai saye zai sake amfani da ita. Maƙwabtanmu Yarabawa kuma na da darasi a ganyen da suke kira ewe eran, wanda suke naɗe alale da shinkafar Ofada. Ana samunsa a kasuwanni, yana ruɓewa da kansa, yana ma ƙara wa abinci ƙamshi. Alale a ganye ko a gwangwani mai tsabta ya fi wanda aka dafa a leda.

Mai shayi da ma yana da kofunansa, matsalarsa ita ce ƙulla shayi mai zafi ko taliya a leda. Ya ƙarfafa wa masu saye su zo da kofi ko filas. Mai tsire kuma ya guji tsohuwar jarida da takardar buhun siminti, domin tawada da ƙura na manne wa nama mai zafi. Takarda marar rubutu da aka yi don abinci ita ta dace.

Aikin shugabannin kasuwa

Ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya wannan sauyi shi kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan masu abinci ashirin suka haɗa kuɗi suka sari kwalayen takarda ko robobi masu kauri a dunƙule, farashin zai sauko. Adashin da mata ke yi ma zai iya sayen farantai da bahuna ga kowacce idan kwasarta ta zo.

Akwai kuma matsalar harshe. Yawancin sanarwar gwamnati da Turanci ko Yarabanci take fitowa, sai mai shayi ya ji labarin doka ranar da jami’ai suka kwashe masa kaya. Fadojin sarakunan Hausawa da shugabannin sassan kasuwa za su iya gayyatar jami’an hukumar kwashe shara ta LAWMA su yi bayani, a fassara da Hausa, a tura a zaurukan WhatsApp na ƙungiyoyi.

Rashin yin haka na da tsada. A watan Oktoban 2023 gwamnati ta rufe kasuwar Mile 12 na ’yan kwanaki saboda ƙazanta, kuma mai tumatir ya san abin da kwana ɗaya ke yi wa kayansa. Sharar safiyar Alhamis da kasuwannin Legas ke yi dama ce ta fara ware shara: ruɓaɓɓen kayan gwari gefe guda don taki, roba da kwali da ƙarfe gefe guda don sayarwa. Ba kowace roba ce abar gudu ba. Akwatunan roba masu ƙwari da wasu dillalai ke ɗauko tumatir a ciki daga Arewa suna rage matsewa da ruɓewa a hanya, kuma ana wanke su a sake lodi.

Shara mai kawo kuɗi

Gorunan ruwa da ledar ruwa da gwangwanaye na da masu saye. Kamfanin Wecyclers, wanda Bilikiss Adebiyi-Abiola ta kafa a Legas a 2012, ya fara ne da kekunan da ke zagaya unguwannin talakawa suna auna robobin da gidaje suka tara, suna ba su maki da za su musanya da kayan amfani ko kuɗi. A Ajegunle har akwai makarantar kuɗi da ta yi suna wajen karɓar gorunan roba a madadin kuɗin makaranta.

’Yan jari-bola, waɗanda da yawansu ’yan’uwanmu ne daga Arewa, sun daɗe a wannan aiki, kuma su ne suka fi fuskantar yankan kwalba da sukar allura. Gidan da ya ware kwalabe da ƙarafa a buhu daban ya sauƙaƙa musu. Su kuma suna buƙatar safar hannu da takalmi mai kauri da allurar rigakafin tetanus. A lura kuma, LAWMA ta hana ba masu tura baro sharar gida, saboda sau da yawa a magudana ko bakin titi take ƙarewa. Motocin kamfanonin da hukumar ta yi wa rajista su ne hanyar da doka ta sani.

Rabon uwargida da maigida

A ajiye jakar cefane ko kwando kusa da ƙofa, don kada a manta lokacin fita kasuwa.

A aiki yaro sayen koko ko abinci da kwano mai murfi, ba hannu biyu ba.

A daina hura gawayi da leda. Busasshen kwali ko ƙirare sun isa.

Kada a zuba kunu ko zoɓo na sayarwa a gorunan da aka tsinto. Ba a san inda suka fito ba, kuma ɗauraya kaɗai ba ta kashe ƙwayoyin cuta.

A kife duk abin da zai tara ruwan sama, maigida kuma ya haɗa kai da maƙwabta a yashe lambatun layi kafin damina ta kankama.

Jami’an gwamnati za su iya kwace roba a shago, amma ba za su tsaya a kowace ƙofa suna duba abin da ake watsawa a kwata ba. Wannan ya rage ga mutanen layin, waɗanda ’ya’yansu ke wasa a bakin lambatun, kuma su ke biyan kuɗin asibiti idan zazzaɓi ko gudawa ta shigo gida.